Yadda Muke Auna Kafofin da Ido Ba Ya Gani a Jikin Tubali da Randa

A farkon daminar bana wani ɗalibi da ke aikin kammala karatunsa ya shigo ɗakin gwajin da nake aiki a nan Zariya, yana rungume da kwali. A cikin kwalin akwai abubuwa iri uku a nannaɗe da tsohuwar jarida: ɓallin jan bulo gasasshe, da tsingaron randa da ya samo a wurin masu ginin tukwane, da kuma rabin tubalin ƙasa da ya tsinto a gindin wata katanga da ta zube a cikin birni. Malaminsa ya umarce shi da ya gano abu biyu game da kowannensu, wato yawan kafofin da ke jikinsa, abin da ɗalibai ke kira forositi, da kuma danƙarewarsa, wadda suke kira dansiti, ma'ana nauyin abu idan aka gwada shi da girman gurbin da ya cinye. Na ce ya jira in dawo daga sallar Azahar. Da na dawo sai na tarar har ya zuba ruwa a kofunan gilashi uku ya jefa kowane gutsure a cikin nasa, domin ya karanta cewa da ruwa ake yin awon. Bulon da tsingaron suna nan daram suna fitar da ƙananan kumfa, amma kofi na uku ya koma kunun jar ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, tubalin ya narke." Na ce masa ai dalilin da ya sa iyayenmu ke yi wa katanga yaɓe kafin saukar ruwa ke nan.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin kuskuren nasa ya taɓa ainihin matsalar wannan aiki. Rami ba shi da nauyi, saboda haka sikeli ba ya ganinsa, kuma kafofin da ke jikin gasasshen yumɓu sun yi ƙanƙantar da ba za a sa musu abin awo ba. Hanyar da aka saba bi ita ce a cika su da wani abu da aka san nauyinsa, sannan a auna abin da ya shiga. Wannan yana nufin amsar da mutum zai samu ta dogara ne a kan abin da ya aika cikin kafofin, ko ruwa ne, ko kananzir, ko iskar gas, ko zaiba, domin kowannensu akwai inda yake iya kaiwa, akwai kuma inda yake tsayawa. Shi ya sa idan ɗalibi ya kawo mini takarda an rubuta cewa yawan kafofin wani bulo kashi 28 ne cikin ɗari, tambayata ta farko ita ce, da me aka auna?

Hanyar da muka fi amfani da ita ta samo asali ne daga Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rayu a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Abin da ya gano shi ne, duk abin da aka nutsar a cikin ruwa yana rasa nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture daga wurin. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san wannan a hannunsa ko da bai san sunansa ba, domin guga ba ta da nauyi muddin tana cikin ruwa, sai ta baro saman ruwan ne igiya take fara cin tafin hannu. Tun da yake mililita ɗaya ta ruwa nauyinta kusan giram ɗaya ne, nauyin da abu ya rasa a cikin ruwa shi ne girman gurbinsa, ko da kuwa siffarsa karkatacciya ce irin ta tsingaro wadda ba ta da tsawo ko faɗin da za a iya aunawa.

A kan wannan ne aka gina ƙa'idar da ƙungiyar ASTM ta Amurka ta tsara wa gasasshen bulo mai jure wuta, wadda ake kira C20, kuma ita muke bi. Awo uku ake yi wa gutsure ɗaya. Na farko shi ne nauyinsa a bushe. Ana sa shi a tandar lantarki a zafin digiri 105 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyas, ana fito da shi ana aunawa ana mayarwa, har sai nauyin ya daina raguwa. A rubuce abin da sauƙi, amma idan aka ɗauke wuta cikin dare, tandar ta huce, gutsuren ya sake shan laimar iska, to da safe aiki ya koma baya. Haka kuma ba a ɗora shi a kan sikeli da zafinsa, domin iskar da ke tashi daga jikinsa tana rikita lambobin. Sai an bar shi ya huce a cikin tukunyar gilashi mai murfi wadda aka zuba wa ƙwayoyin silika masu tsotse laima. A watan Agusta, lokacin da iskar Zariya ke cike da danshi, na sha tsayawa ina kallon lamba ta ƙarshe a kan sikeli tana hawa da kanta, gutsuren yana shan ruwa daga iskar ɗakin a gaban idona. Da hunturu ba a cika samun wannan ba, sai dai ƙura, ita kuma fanka ko da wane lokaci ne a kashe take zama idan ana awo, komai zafin gari.

Daga nan sai tafasawa. Ana nutsar da gutsuren a cikin tataccen ruwa, a ɗora shi a kan 'yar raga don kada ya taɓa gindin tukunya, a tafasa shi na awa biyu, ana ƙara ruwa idan ya ja baya domin kada ko kusurwarsa ta leƙo waje, sannan a bar shi a cikin ruwan na aƙalla awa goma sha biyu. Ɗalibai da yawa suna ganin wannan mataki ɓata lokaci ne, suna cewa ai jiƙawa kawai ta isa. Ba ta isa ba. Kafofin cike suke da iska, kuma idan ruwa ya shigo ta kowane gefe lokaci guda sai ya tare wa iskar hanyar fita, ta maƙale a tsakiya. Tafasa ce ke faɗaɗa iskar ta kore ta, tururi ya maye gurbinta, sannan idan ruwan ya huce tururin ya koma ruwa, sai ya jawo na waje ya cike wurin. Ga kayan da suka fi danƙarewa, kamar tangaran da tayil, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta fi tsanani, awa biyar na tafasa da kwana guda na jiƙo. A nan Zariya, da yake muna kan tudu sama da mita 600 daga matakin teku, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98, ba 100 ba, kuma nakan sa ɗalibai su tsoma ma'aunin zafi su gani da idonsu, ko da yake bambancin bai kai ya ɓata awon ba.

Awo na biyu shi ne nauyin gutsuren yana rataye a cikin ruwa. Ana ɗaure shi da siririyar waya a ƙugiyar sikeli, bayan an riga an cire nauyin wayar tana nutse daidai zurfin da za ta kasance. Kada ya taɓa gefen kofi, kada kuma a bar ƙwayar kumfa ko ɗaya a manne da shi, domin kumfar tana ɗaga shi sama.

Awo na uku ne nake so in daɗe a kansa, domin a nan ne na fi ganin sakamako yana lalacewa, kuma babu wata na'ura a ciki, hannun mutum ne kawai da ƙyalle. Ana fito da gutsuren daga ruwa, a goge ruwan da ke kwance a bayansa, a auna shi nan take yana ƙoshe da ruwa a ciki. Abin da ake nema shi ne a cire ruwan waje gaba ɗaya ba tare da an taɓa na cikin kafofi ba, kuma tsakanin waɗannan biyu babu wata iyaka da ido ke gani. Ƙa'ida ta ce a yi amfani da ƙyallen auduga mai laushi wanda aka jiƙa aka matse shi, a dangwala shi a hankali. Idan ƙyallen busasshe ne, ko kuwa takardar goge hannu ce, zai tsotso ruwa daga bakin kafofin, sakamako ya yi ƙasa. Idan kuma ya jiƙe sharkaf, zai bar ruwa a bayan gutsuren, sakamako ya yi sama. Ni alamar da nake bi ita ce ƙyalli: muddin bayan gutsuren yana sheƙi idan aka karkata shi wajen taga, akwai sauran ruwa, da zarar kuma sheƙin ya dushe launin ya zauna duhu-duhu, to a ɗora a sikeli ba tare da jinkiri ba, musamman da hunturu lokacin da iska ke shanye ruwa cikin 'yan daƙiƙu. Na taɓa ba ɗalibai huɗu gutsure ɗaya kowa ya goge ya auna, aka sami amsa huɗu, kuma kowannensu ya rantse shi ne ya bi ƙa'ida.

Bari in kawo misali da lambobi masu sauƙin lissafi. A ce gutsuren bulo ya yi giram 50 a bushe, giram 30 a rataye cikin ruwa, giram 58 bayan ya ƙoshi an goge shi. Ruwan da ya sha giram 8 ne, wato kafofin da ruwa ya iya shiga sun kai mililita 8. Girman gurbinsa gaba ɗaya, har da kafofin, shi ne 58 a debe 30, wato mililita 28. Idan aka raba 8 da 28 za a sami kashi 28.6 cikin ɗari, wannan shi ne yawan buɗaɗɗun kafofi. Idan kuwa aka raba 8 ɗin da nauyin bushewa, wato 50, za a sami kashi 16 cikin ɗari, wanda shi ne yawan shan ruwa, kuma ɗalibai suna yawan rikita waɗannan biyu su rubuta ɗaya a madadin ɗaya. Danƙarewar gutsuren a yadda yake ita ce 50 a raba da 28, wato giram 1.79 a kowace mililita. Yanzu a duba abin da gugar ƙyalle ke iya yi. Ɗigon ruwa ɗaya wajen giram 0.05 ne. Idan aka bar ɗigo biyu a bayan wannan gutsure mai giram 50, amsar za ta tashi daga 28.6 zuwa 28.8 ne kawai. Amma idan ɗalibi ya kawo ɗan ƙaramin gutsure mai giram 5 na bulon nan dai, ɗigo biyun nan za su kai amsar kashi 31. Shi ya sa nake mayar da duk wanda ya kawo mini gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ya je ya samo babba, kuma ya kawo aƙalla biyar daga wurare daban-daban na bulon, domin gefen da ya fuskanci wuta ba ɗaya yake da tsakiya ba.

Akwai kuma kafofin da ruwa ba zai taɓa kaiwa gare su ba ko da za a kwana ana tafasawa, domin a rufe suke ta kowane gefe. Idan zafin gashi ya yi yawa, wani sashe na yumɓun yana narkewa ya zama kamar gilashi, ya toshe hanyoyi, ya kulle iska a ciki. Don a gano waɗannan sai an daka gutsuren ya zama gari mai laushi ƙwarai, yadda kowace rufaffiyar kafa za ta fashe, sannan a auna garin a cikin wata ƙaramar kwalba da aka san cikinta daidai, mai murfin gilashi da siririn rami a tsakiyarsa inda rarar ruwa ke fita, ana kiranta fiknomita. A ce garin bulon misalinmu ya ba da giram 2.65 a kowace mililita, wanda shi ne na ma'adinin kwaz da ya fi yawa a cikin yashi. Idan aka gwada 1.79 da 2.65 za a ga cewa kashi 32.6 cikin ɗari na bulon fanko ne, ke nan akwai kashi 4 da ruwa bai gani ba. Ga mai ginin gida buɗaɗɗun kafofin ne abin damuwa, domin ta nan ruwan sama da gishirin ƙasa ke shiga. Ga mai gina tandar narkar da ƙarfe ko ta gasa burodi kuwa, rufaffun alheri ne, domin iskar da ke kulle tana hana zafi tserewa, kuma saboda neman kafofi ne ma wasu ɗalibai ke cuɗa yumɓu da ɓuntun shinkafa ko garin katako, waɗanda ke ƙonewa a wuta su bar gurabensu.

Shi kuwa tubalin ƙasa da ya narke wa ɗalibina, maganinsa kananzir ne, domin kananzir yana shiga kafofin ɗanyen yumɓu ba tare da ya kumbura shi ko ya warware shi ba. Ba a tafasa kananzir, wannan ko ba a faɗa ba, sai dai a sa gutsuren a cikin tukunya mai murfi a zuƙe iskar da famfo, sannan a saki kananzir ɗin a kansa. A nan akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Mililita ɗaya ta kananzir wajen giram 0.8 ce, ba giram ɗaya ba. Lissafin yawan kafofi ba ya canzawa, domin sama da ƙasa duk da kananzir aka auna su, amma idan aka manta ba a gyara girman gurbi ba, danƙarewar za ta fito da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ga an rubuta cewa tubalin ƙasa ya kusa kamo dutsen Kufena nauyi. Kuma ba na yarda a ɗauki 0.8 daga littafi, sai an auna kananzir ɗin da ke hannu a kwalbar awo, domin wanda ake saya a kasuwa ba kullum yake zama iri ɗaya ba. Ina ganin tubali ya cancanci wannan wahala. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma sanyin da mutum ke ji idan ya shiga tsohon soro da tsakar rana yana da alaƙa da kaurin bango da kuma iskar da ke cikin kafofin ƙasar.

Manyan ɗakunan gwaji suna da hanyoyin da suka wuce namu, mu sai dai mu aika musu da samfur. Akwai na'urar da ke amfani da iskar hiliyom, wadda ƙwayoyinta suka yi ƙanƙantar da suke kutsawa inda ruwa ba ya shiga, kuma tana lissafin girman gurbi ne daga sauyin matsin iskar, bisa dokar da Robert Boyle ya bayyana a 1662. Akwai ta zaiba, wadda aikinta kishiyar na ruwa ne, domin zaiba ba ta jiƙa yumɓu kuma ba ta shiga rami sai an tura ta da ƙarfi, iya ƙanƙantar rami iya ƙarfin da ake bukata. Edward Washburn ne ya fitar da lissafin a 1921, kuma na'urorin yau suna kai matsi kusan ninki 4,000 na matsin iskar da muke zaune a cikinta. Sai dai zaiba guba ce, samfurin da aka yi aiki da shi ya tashi daga aiki, sannan faɗin bakin rami take aunawa ba faɗin cikinsa ba, ta yadda kafar da ke da siffar tulu, wuya siriri ciki ƙato, za a lissafa ta gaba ɗaya a cikin ƙanana. Ga kafofin da suka fi haka ƙanƙanta, irin na gawayin tace ruwa da ɗalibai ke yi da ɓawon gyaɗa ko totuwar masara, ana amfani da iskar naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, bisa hanyar da Brunauer da Emmett da Teller suka wallafa a 1938. Giram ɗaya na gawayi mai kyau irin wannan, idan da za a shimfiɗa bangon kafofinsa, yana iya kai murabba'in mita 1,000, wato ya ɗara fuloti mai ƙafa 100 a kan 100.

Tsingaron randar ne ya fi ba ni sha'awa a cikin kayan ɗalibin, domin a wurinsa kafofi ba aibi ba ne, su ne amfaninsa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa ya bushe a waje, bushewar kuma ta ɗebe zafi daga na ciki, wanda shi ne tushen dabarar tukunya a cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma a nan awonmu yana da iyaka, domin yawan kafofi daban, sauƙin wucewar ruwa daban. Ɗanyar laka tana iya fin yashin kogin Kubanni yawan kafofi, amma ruwa yana ratsa yashi nan da nan, a kan laka kuwa sai ya kwanta, saboda kafofinta ƙanana ne matuƙa. Randa biyu za su iya ba da lamba ɗaya a sikelina, ɗaya ta riƙa sanyaya ruwa daidai, ɗaya kuma ta riƙa jiƙa ƙasan ɗaki. Ɗalibin ya gaya mini cewa tsohuwar da ta ba shi tsingaron ta ƙwanƙwasa randunanta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce masa, "Ɗan nan, wadda ta yi ƙara sosai ta ji wuta, ba za ta yi maka sanyi kamar waccan ba." Abin da kunnenta ke ji gaskiya ne, domin iya yadda wuta ta haɗe ƙwayoyin yumɓu, iya yadda kafofi ke raguwa kuma sautin ke ƙara tsini.

Ya koma cikin birni ya samo wani rabin tubalin daga gindin katangar nan, muka yanka shi gida shida da zarto, muka busar. A takardar sakamakonsa na sa ya buɗe layi uku da babu su a fom ɗin da ya zo da shi: ruwan da aka yi amfani da shi da zafinsa a lokacin awo, yadda aka kori iska daga kafofin da tsawon lokacin da aka ɗauka, da kuma sunan wanda ya yi gugar ƙyalle. Gutsure biyar sun ba da amsoshi masu kusanci da juna, na shida kuwa ya fita daban da nisa, kuma da muka fasa shi sai muka tarar da ramin da wani guntun kara ya ruɓe ya bari a tsakiyarsa, tun daga ramnon da maginin ya cuɗa ƙasar da shi.